Jar riga ta koma shuɗiya ana cikin rawa: muhawara kan Musume Dojoji

Maman Ihsan: Assalamu alaikum 'yan zaure. Waɗanda suka san Jafan su taimaka min don Allah. Bidiyon rawar kabuki, wasan dandamalin gargajiya na Jafan, da Ummi ta turo jiya, akwai wurin da rigar matar take ja wur, kafin in ƙifta ido ta koma shuɗiya mai haske, ita kuwa ko tsayawa ba ta yi ba. Ni tela ce, abin ya tsaya min a rai. Haɗin kwamfuta ne ko aikin allura?

Ummi: Wa alaikumus salam Anti. Wallahi ni ma haɗi na ɗauka. Yaya Injiniya ne zai raba mana gardama, shi ne ke can.

Injiniya: Aikin allura ne Hajiya, a gaban mutane ake yi, babu kwamfuta. Suna ce masa hikinuki. Riga biyu ce a jikin mai rawar, ɗaya kan ɗaya. Ta saman ba a ɗinke ta ɗinkin gaske ba, rabi biyu ce, sama da ƙasa, an riƙe ta a kan ta cikin da zare mai kauri, manyan taku, kowane zare da ƙulli a bakinsa don hannu ya same shi. Ki sake kallo, akwai wani mutum durƙushe a bayan mai rawar, shi ne koken, mataimaki. Ana cikin rawar yake zare zaruruwan ɗaya bayan ɗaya, daga hannun riga, daga ƙugu, mai rawar kuma yana miƙa masa wurin da za a zare ba tare da mai kallo ya lura ba. In ya rage sai fizgewa, sai su jira bugun kiɗa, ya fizge ta saman gaba ɗaya. Sunan rawar Kiyoganoko Musume Dojoji. Af, kuma ba mace ba ce, namiji ne.

Baban Sadik: Namiji?? To ai magana ta ƙare. Ɗan daudu ne kenan aka ɗora a dandamali ana tafa masa.

Maman Ihsan: Ikon Allah. Kenan in zare ɗaya ya maƙale an shiga uku. Dole mai ɗinkin ya san daidai ƙarfin da zai riƙe, kada ya saki tun ana juyi, kada kuma ya ƙi fita.

Injiniya: Haka ne. Kuma ranar wasa kullum sai an sake riƙe rigar da zare daga farko, alhali wasa ɗaya kan yi kusan wata ana yinsa.

Malam Habu: Baban Sadik, a yi haƙuri a bi abin daki-daki kafin a yanke hukunci. Abin da zai ba ka mamaki, mace ce ta ƙirƙiro kabuki. Sunanta Izumo no Okuni. A 1603 ta yi suna a Kiyoto da wata rawa da take yi cikin shigar maza, da takobi a ƙugu, tana kwaikwayon ɗan gayun birni da ya je zance wurin mai shagon shayi. Mata suka kwashi salon, har gidajen karuwai suka kafa nasu rukunonin suna tallar 'yan matansu da shi a bakin kogin Kamo. Samari na ta dambe a kansu. A 1629 gwamnatin sojan Tokugawa ta haramta wa mata hawa dandamali. Sai aka koma ga yara maza kyawawa, ɓarnar ba ta sauya ba, a 1652 aka hana su su ma. Da aka sake ba da izini a shekarar da ta biyo, sharaɗin shi ne manyan maza kaɗai, a aske musu gashin goshi irin na magidanta, kuma wasan ya zama kwaikwayo mai labari, ba baje kyau ba. Daga nan aka samu onnagata, wato namijin da sana'arsa fitowa a mace. Doka ce ta haife shi, ba sha'awa ba.

Baban Sadik: Allah ya gafarta Malam, ai kai da bakinka ka ce ɓarna ta sa aka hana na farko da na biyu. Na ukun ne zai fita fes?

Malam Habu: Ban ce fes ba. Tarihin farkon kabuki da kasuwar jiki a haɗe suke, babu masanin Jafan da ke musun wannan, shi ya sa hukuma ta ajiye 'yan wasan a ƙasan jama'a tsawon zamanin Edo, wato zamanin mulkin Tokugawa. Kuma Yoshizawa Ayame, babban onnagata da ya rasu a 1729, ya koyar da cewa sai mutum ya zauna zaman mace har a gida kafin ya iya ta a dandamali. To amma kwatancenka ba ya zama daidai a yau. Wanda ka ambata rayuwarsa ce ta kullum. Wannan kuwa aiki ne da ake koya tun ana ƙarami a hannun uba ko maigida, a goge farar hoda a koma gida wurin iyali. Da yawansu da rana su fito a gimbiya, da dare su fito a jarumi mai takobi. Kana da damar ka ce bai dace da tarbiyyarmu ba, ni ma ba cewa na yi a kawo mana ba. Amma a kira abu da abin da yake.

Baban Sadik: Na ji. Ban gamsu ba, amma na ji.

Ummi: Malam ni labarin ne ban gane ba. Na kalla har ƙarshe, mutum ɗaya na ta sauya kaya, can sai ya haye kan wata ƙatuwar ƙararrawa yana zare ido. Me ya haɗa shi da ƙararrawar?

Malam Habu: 'Yata, ai labarin ya riga ya faru kafin a buɗe labule, 'yan kallo duk sun san shi. Dojoji haikalin mabiya Buda ne a yankin Wakayama, yana nan har yau. Tsohon labari ne da aka rubuta tun ƙarni na 11. Wani matashin ɗan zuhudu, daga baya aka riƙa kiransa Ancin, yana hanyar ziyara zuwa wuraren ibada na Kumano ya kwana a wani gida. Mace a gidan, wadda ake kira Kiyohime, ta kamu da sonsa. Ya yi mata alkawarin zai biyo a hanyar dawowa, ya zame ta wata hanya. Ta bi shi a guje, baƙin ciki ya mai da ita macijiya, ta haye kogin Hidaka. Shi kuma ya faɗa Dojoji, aka sauko da ƙararrawar haikali aka kife shi a ciki. Ta nannaɗe ƙararrawar, ta hura mata wuta har ya ƙone ƙurmus.

Rawar da kika kalla ta fara ne bayan shekaru, ranar da ake bikin rataya sabuwar ƙararrawa. An hana mata shiga saboda abin da ya faru. Sai ga wata mai rawa, Hanako, ta roƙi a bar ta. Masu gadin suka ce ta shiga in za ta yi musu rawa. Ita ce ruhin waccan macijiyar, ƙararrawar ta zo wa.

Ni dai a ganina wanda yake son wannan labari ya nemi wasan No, wato tsohon salon wasan Jafan da ya girmi kabuki, mai suna Dojoji, wanda kabuki ya ara daga gare shi. Can babu furanni babu tarkace. Mutum ɗaya da fuskar katako, mai ganga ɗaya, su yi ta jan taku ɗaya-ɗaya da dogon shiru a tsakani har numfashinka ya ɗauke. Sannan a saki ƙararrawa mai nauyi daga sama, ɗan wasan ya yi tsalle ya shige cikinta tana faɗowa. In ya kuskure lokaci zai iya karyewa. A cikin duhunta shi kaɗai zai sauya fuska da kaya ya fito a macijiya. Kabuki ya ɗauki wannan ya mai da shi bajekolin atamfa.

Maman Ihsan: Malam a bar mana atamfarmu 😂

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, a nan zan saɓa maka da ladabi. Na ga rawar ido da ido a Kabuki-za, babban gidan wasan kabuki da ke unguwar Ginza a Tokiyo, kuma abin da bidiyo ke ɓoyewa shi ne ƙararrawar. Tana rataye a hannun daman mai kallo tun daga farko har ƙarshe, da igiyarta ja da fari. Mai ɗaukar hoto yana bin fuskar mai rawa ne, ku ba kwa ganinta. A zaure kuwa kana ganin su biyun a lokaci guda. Yarinya na cikin wasa da murmushi, sai ka ga ido ya kauce ya sauka kan ƙararrawa, fuskar ta daskare na ɗan lokaci, sannan ta dawo kamar ba a yi komai ba. Tun kan hanamici take fara wannan, wato doguwar gadar da ta ratsa tsakiyar 'yan kallo ta ɓangaren hagu daga bayan zaure zuwa dandamali. Za ka ji ƙarar zobban labulen baya, kowa ya waiga, ga ta cikin baƙar riga. Kafin ta kai dandamali ta tsaya ta yi kwalliya, ta harari ƙararrawa. Kusan awa guda ana wannan ɓoyon. Macijiyar ba a ƙarshe take zuwa ba, tana nan tun farko, kayan ne ke rufe ta, ana ɓare su ɗaya bayan ɗaya.

Malam Habu: Wannan fassara ce mai daɗi, amma ta masu zuwa daga baya ce. Nakamura Tomijuro na farko da ya fara yin ta a gidan wasa na Nakamura-za a Edo, wato Tokiyo ta yau, a 1753, so yake ya nuna duk abin da ya iya a zama ɗaya. Kafin shi Segawa Kikunojo ya yi nasa Dojojin tun 1731. Gasa ce tsakanin taurari. A wancan zamanin, rawa fagen onnagata ce, nan ne kaɗai yake zama shugaban dandamali. Dubi waƙar ma. Wani sashe jerin sunayen unguwannin shaƙatawa ne, wani jerin sunayen duwatsu. Ina ruwan macijiya da sunayen duwatsu?

Injiniya: Ban musa gasa ba. Amma Dojoji nawa aka yi a wancan ƙarnin? Da yawa. Me ya sa na Tomijuro ne ya zama ma'aunin da ake gwada kowane onnagata da shi har yau? Saboda jerin nasa ba a hargitse yake ba. Bari in bi shi yadda na gani.

Farko, jar riga da doguwar hular zinariya da mafici. Wannan sashen kwaikwayon No ne ƙarara, a hankali, da nauyi, waƙar ma can aka aro ta. Hular kuwa ta maza ce, domin masu irin rawar Hanako a zamanin da shigar maza suke yi. Baban Sadik, ka ga namiji ya fito a mace, macen kuma ta sa hular maza. Sai ta cire hular, shamisen ya shigo, wato abin kiɗansu mai tsirkiya uku, jikin ya saki. Kamar kabuki ne ke cewa mun gaishe da manya, yanzu ga namu. Daga nan rawar hannu zalla, sai hikinukin da Hajiya ta gani. Cikin shuɗiyar rigar ta zama ƙaramar yarinya, ta tattara furannin sakura da suka zuba ta dunƙule su, tana buga ƙwallon da babu ita, tana zagaya dandamali a tsugune. Wannan zagayen a tsugune cikin kaya masu nauyi da hular gashi, cinyar mutum ce ke biya. Sai rawa da jajayen huluna masu hawa-hawa. Sai zuciyar abin, inda ta fito da ƙyalle ɗaya a hannu kawai, ta zama budurwar da ta san so, tana kwalliya saboda wani, tana kishi, tana share hawaye. Nan kiɗan ke lafawa, zaure ya yi tsit. Bayan shi sai ganga ƙarama ɗaure a ƙirji tana bugawa da sanduna biyu, sai wasu 'yan ganguna masu kacau-kacau a hannu biyu tana buga su a ƙasa, kiɗa na ƙara sauri, har ta kasa riƙe kanta. 'Yan zuhudu su taso su tare ta, ta watsar da su, ƙararrawa ta faɗo, ta haye kai. Rigar da ta bayyana a jikinta zanen alwatika ce jere-jere, alamar ɓawon maciji a wurinsu. Daga yarinta zuwa so zuwa hauka. Wannan ba bajekoli ba ne Malam.

Maman Ihsan: Duk rigunan na lura zanen fure ɗaya ne mai zubowa daga kafaɗa, launi ne kawai ke sauyawa. Na ƙarshen ne ya fita daban. Wanda ya tsara wannan ya san abin da yake yi.

Malam Habu: Hajiya kin shiga ɓangarensa kenan. To na yarda da rabin magana. Sashen ƙyallen nan, in gwani ya yi shi, babu abin cewa. Akwai hotunan Nakamura Utaemon na shida, wanda ya rasu a 2001, shi kam ƙiyayyar ƙararrawar ba ta barin fuskarsa. Amma ka faɗa musu abin da ake yi da an gama sashen.

Injiniya: 😂 Ana jefa wa 'yan kallo ƙyallaye. Mai rawar ya jefa, 'yan zuhudun su jefa, manyan mata masu kimono na miƙa hannu suna cafkewa.

Malam Habu: Ka ji. Ana tsakiyar kuka an koma rabon tsaraba. Su kuma 'yan zuhudun, maimakon su ba da tsoro, tun buɗe labule barkwanci suke, wannan ya ɓoyo giya, wancan ya ɓoyo naman kifin teku mai ƙafa takwas, a ranar ibada.

Injiniya: Ai mutanen da aka yi wa wasan ke nan. No na fadar shogun ne, wato shugaban mulkin soja, da manyan mayaƙansa, samurai. Kabuki na 'yan kasuwa ne da masu sana'a da suka biya kuɗinsu, suna ci suna sha tun safe har yamma. Kuma akwai dalili na aiki: lokacin da 'yan zuhudun ke rawarsu da laima, mai rawar yana bayan fage yana sauya kaya yana maida numfashi. In babu su, mutum ɗaya ba zai kai ƙarshe ba.

Ummi: Yaya, su waye ke ihu daga cikin mutane? Na ji wani ya kwarma wata kalma ana tsaka da rawa, na ce wannan za a fitar da shi.

Injiniya: Ba a fitar da shi, gwani ne. Daga kujerun can sama suke, sunan gidan ɗan wasan suke kira. Kowane zuri'a da nata: Naritaya na gidan Icikawa Danjuro, Otowaya na gidan Onoe Kikugoro, Yamatoya na Bando Tamasaburo. Wuyar abin lokaci ne, sai a ɗan tsakanin bugu da bugu. Wanda bai iya ba ya ɓata wa kowa. Makaɗan kuma ba a ɓoye suke ba a wannan rawar, suna zaune jere a kan benaye masu jan shimfiɗa a bayan mai rawa, mawaƙa da masu shamisen a sama, masu ganguna da sarewa a ƙasa, bayansu zanen duwatsu cike da furanni. Ba madugu mai sanda a gabansu, da kiran baki da numfashi suke haɗa kai.

Baban Sadik: Tambaya ta tsakani da Allah, ba tsokana ba. Dokar 1629 ai ta mutu. Me ya hana su ba mata abinsu?

Malam Habu: Dokar ta faɗi tun ƙarshen ƙarni na 19, al'ada ce ta riƙe. Hujjar masu riƙon ita ce onnagata ba mace yake kwafa ba, wata siffa ce da aka gina don jikin namiji: a haɗe gwiwoyi a ɗan rusuna, a juya yatsun ƙafa ciki, a matse allon kafaɗa baya a saukar da kafaɗu don su ƙanƙance. Ana ma sa mai koyo ya riƙe takarda tsakanin gwiwoyinsa yana tafiya. Suka ce in mace ta gaske ta tsaya kusa da jarumi mai fentin fuska da ƙaton kaya, sai ta ɓace. Ni ban sayi wannan hujja duka ba, domin a makarantun rawar gargajiya irin su Fujima da Hanayagi mata na yin wannan Musume Dojojin, kuma suna yinta da kyau. Babban dandamalin ne, wanda kamfanin Shochiku ke riƙe da shi, ya zama na maza. Ko a nan an fara ɗan buɗe ƙofa: a Oktoban 2023 Terajima Shinobu, 'yar Kikugoro na bakwai, ta fito a Kabuki-za. Ita da aka haifa a gidan, sai da ta haura shekara 50.

Maman Ihsan: Kenan mace ta dasa, maza suka girbe, yanzu sai an roƙe su.

Ummi: Malam haikalin fa, ƙararrawar na nan?

Malam Habu: Babu ƙararrawa a Dojoji yau. Ta biyun da aka ƙera a 1359, sojojin shugaban yaƙi Toyotomi Hideyoshi suka kwashe ta a yaƙin 1585, tana haikalin Miyomanji a Kiyoto. Abin da ake yi a Dojoji shi ne masu hidimar wurin su warware doguwar takarda mai zane suna ba maziyarta labarin.

Injiniya: Akwai kuma wani ƙarshen da ba kullum ake yi ba, bidiyon Ummi babu shi. A wannan, Hanako na shigewa cikin ƙararrawa, a ɗaga ta fito a dodanniya sosai, ta nufi hanamici kamar za ta faɗa cikin mutane. Sai wani jarumi mai jan zane a fuska, da ƙatuwar gora a hannu, ya taho daga baya ya tura ta ta koma dandamali. Salon gidan Danjuro ne. An kuma yi na mutum biyu, da wanda namiji ne ya yi shigar Hanako asirinsa ya tonu. A Mayun 2025, bikin da Onoe Kikunosuke ya gaji sunan Kikugoro na takwas, mutum uku suka yi ta tare: shi, da ɗansa ɗan shekara 11 da ya karɓi sunan Kikunosuke, da Tamasaburo.

Baban Sadik: Uba, ɗa, jika. Wato ɗan talaka ba shi da rabo, sai dai ya durƙusa a baya yana zare zare.

Injiniya: Tamasaburon nan da kansa ba ɗan gida ba ne. An haife shi a 1950, shan inna ta taɓa shi yana ƙarami, aka sa shi koyon rawa don ƙafar ta yi ƙarfi. Morita Kan'ya na 14 ya ɗauke shi ɗa a 1964. Ana ta cewa ya yi tsawo da yawa ga onnagata. A 2012 gwamnati ta sa shi cikin gwanayen da take ɗauka taskar ƙasa tun suna raye.

Malam Habu: Mutum ɗaya ne wannan, kuma sai da babban gida ya ba shi suna. Maganar Baban Sadik na da ƙamshin gaskiya. Gidan wasan ƙasa ya buɗe makarantar horar da 'yan wasa a 1970, shekara biyu, ba a tambayar ɗan wane ne kai. Waɗanda suka fito daga can yanzu sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan kabuki. Amma je ka duba wa ke yin Hanako a Kabuki-za. Su 'yan makarantar su ne kuyangi, su ne sojojin da ke tsalle suna faɗuwa, su ne koken.

Baban Sadik: Yau dai mun haɗu da Malam a layi ɗaya.

Malam Habu: A kan gado kaɗai. Maganarka ta farko tana nan ban karɓa ba.

Ummi: Yaya in mutum ya je Tokiyo, dole sai ya zauna wunin duka?

Injiniya: A'a. Kabuki-za na sayar da tikitin sashe ɗaya a hawa na huɗu, da araha sosai kan na ƙasa. Daga can ba ka ganin yawancin hanamici, shigowar Hanako za ta wuce ka, amma ƙararrawa da mai rawa da makaɗa duk suna gabanka. Sai dai ki duba jadawali tukuna, shirin na sauyawa duk wata, kuma ba kowace shekara ake sa wannan rawar ba.